Neman Abu Samir a Wurin Rali

Mesaimeer, Doha
Laraba

Zuwa ga Maman Rahma, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Rahma da Nasidi. Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Ki gaishe ta da kyau. Ni ma lafiya lau nake, sai kewarku.

Na zaɓi in rubuto ne don idan na kira hayaniyar yara ba ta barin mu yi magana. Kin san kwantiragina zai ƙare ƙarshen watan gobe, kuma sai an sabunta shi na dogon lokaci kafin in nema muku takardar zama ku taho. Tun shigowar shekara nake bin Abu Samir, shugaban sashenmu, a kan maganar. Kullum ko yana kan waya, ko ya ɗaga mini hannu in dakata.

Jiya dai na samu kafa. Na shiga ofishinsa na tarar yana kallon tseren motocin nan na cikin sahara da suke kira rali. Baki ya ja ni na ce ai ni ma ina so. Nan take mutumin ya sake. Ya ce ranar Asabar za a yi a arewa, gaba da Al Khor, kallo kyauta ne, in same shi can mu sha shayi mu yi maganata a tsanake. Ruƙayya, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai jiya.

Matsalar ita ce 'yar motata ba za ta shiga wurin ba. Na kama hayar jif, sun riƙe kuɗin ajiya mai nauyi. Garzali, ɗan Ɗambattan nan direban kamfani da ke zaune a Al Wukair, ya roƙi rabin yini a wurin aiki zai raka ni. Abin da zan turo wannan watan zai ɗan yi ƙasa, ki yi haƙuri. Ki sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Badaruddeen


Mesaimeer, Doha
Lahadi da safe

Maman Rahma,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ke da yara da Inna. Na ga kiranki jiya, ban ɗauka ba don ba ni da bakin magana. Lafiyata ƙalau, kada hankalinki ya tashi. Raina ne a ɓace.

Muna idar da Asuba muka kama hanya. Na cika fulas da karak, shayin madaran nan nasu, na sayi dabino mai kyau da kujerun naɗewa, har da ta Abu Samir. A gidan mai na ga hula mai hoton motar tsere, na saya da tsada don in yi kama da 'yan kallo.

Wurin da ya turo mini a waya ya kai mu bakin wata hanya da aka tare da igiya. Wasu masu riguna ruwan lemo suka ce ta motocin tsere ce, mu zagaya. Muka zagaya, aka sake kora mu. Na ɗauka yashi zan gani mai laushi, ashe tsakuwa ce da duwatsu masu kaifi, ba itace, ba alama. Na kira Abu Samir, tana shiga ba ya ɗauka, can kuma layin ya ɗauke gaba ɗaya.

Da ƙyar muka samu inda aka ware wa 'yan kallo, wani ɗan tudu ne da igiya a gabansa. Turawa da manyan kyamarori, samarin ƙasar a kan rufin motocinsu. Babu rumfa, babu banɗaki. Iska ta yi ta kaɗa mu da sanyi, daga baya rana ta karɓa. Muka yi ta jira har na fara zaton an fasa.

Sai ga jirgi mai saukar ungulu, sai ƙara kamar aradu. Kafin in ajiye kofin shayi mota ta wuce, ta bar mu da ƙura da tsakuwa a baki. Ko launinta ban gani ba. Aka sake jira, wata ta sake wucewa haka. Wannan shi ne rali, Ruƙayya. Garzali kuwa tsalle yake yana ihu kamar ƙaninsa ke tuƙin, abin ya ƙara ƙular da ni. Ni bayana na ba hanyar, ina bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Wani ya ce akwai wurin kallo na biyu can gaba, inda manya ke zuwa. Garzali ya ce, “Yaya, mu zauna nan, ƙasar nan ba ta da amana.” Na ce ba kallo ya kawo ni ba, yalla, ya tashi. Muka yanke ta cikin duwatsu. Ba mu yi nisa ba tayar gaba ta fashe. Muka sa safaya, muka ɗan taɓa, ta baya ta bi sahu.

A nan muka yini. Muna jin ƙarar motocin daga nesa, ba ma ganin komai sai ƙurarsu. Garzali ya hau tudu ya samu layi ya kira janwe, mai janwen ya yanka kuɗin da ya ga dama, kuma bai iso ba sai gab da magariba. Masu haya suka ce inshora ba ta bin mota idan ta sauka daga kwalta. Sun cinye ajiyar, sun ce da sauran biya, wai ƙarƙashin motar ya bugu.

Abin da ya fi ci mini rai, Garzali bai koma aikin yamma ba, kafil ɗinsa, wato ubangidansa na aiki, ya kira ya yi masa tatas, ya ce zai yanke masa albashi. Ni kuma cikin zafin rai na ce masa da ya iya tuƙi da ba mu shiga wannan ba, alhali ni ne a sitiyari.

Yanzu zan shirya ofis. Ko ba komai Abu Samir zai san na je dominsa.

Mijinki,
Badaruddeen


Mesaimeer, Doha
Talata

Ruƙayya tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna da yara, da fatan kowa lafiya. Na gode da saƙonki, ya sanyaya mini zuciya, duk da dariyar da kika yi wa hular.

Sai jiya na samu ganinsa. Da na ce na je, ya kwashe da dariya har da buga tebur. Ya ce, “Wallahi ka je? Ni da na ga iska ta yi yawa, a gida na kalla a waya.” Ya tambaye ni wa ya fara wucewa ta gabanmu, na ce ƙura kawai na gani. Da na kawo maganata sai ya daina dariyar. Ya ce ai tun watan jiya aka gama da wannan a sama, wata shida aka ƙara mini, ba shi da hannu a ciki, khalas, wato magana ta ƙare. Ke nan ranar da ya gayyace ni ya riga ya sani. Na tsaya ina kallonsa, na ji kamar in kifar da teburin, amma na ce na gode na fito.

Wata shida ba zai kawo ku ba.

Daga ofis na wuce Al Wukair na ba Garzali haƙuri. Na ce zan cika masa abin da aka yanke, ya ƙi, sai da na rantse. Wai shi bai taɓa jin daɗin yini irin wannan ba tun zuwansa ƙasar nan.

Na fara kai takarduna wasu wurare, akwai wani kamfani da Injiniya Bashiru maƙwabcina ya ce suna neman mai aikin lantarki. Ban sa rai sosai ba, ban kuma cire ba. Ke dai ki kwance akwatunan nan, ki je ki biya wa Rahma kuɗin zango mai zuwa kafin a ba wani gurbinta. Na san ta gaya wa duk 'yan ajinsu cewa za ta tafi wurin babanta. Don Allah kada ki faɗa mata komai tukuna. Ni na yi mata alkawarin, ni zan kira ranar Juma'a in gaya mata da bakina.

Naki, mai kewarki,
Badaruddeen