Babur ɗin Baban Hanan

Daren Laraba, unguwar Safa

Yau na raka maigidana Baban Hanan unguwar Sharafiyya sayen babur na hannu, na doguwar tafiya, mai taya biyu a gaba. Tun da ƙafarsa ta hagu ta shanye yake kallon hoton babur ɗin a waya. A tunaninsa, duk mai ƙafa uku tsayuwa yake da kansa kamar adaidaita sahu. Ni da digirina ban yi musu ba, don na daɗe ban ga ya yi sha'awar komai ba.

Mai babur ɗin ya dubi sandar da Baban Hanan ke dogarawa, ya ce, "Ya ammi, baffana, wannan kwanciya yake a kwana. In ka tsaya, lazim, dole ka kafa ƙafa, ko ya kayar da kai."

Baban Hanan ya ce, "Na sani." Wallahi bai sani ba.

Na ce mu je gida mu yi shawara. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, na saya."

Mai shi ne ya tuƙo mana shi, muna biye a mota. Da muka iso, Baban Hanan ya ce, "Kin ga yadda yake shan kwana?" Na ce na gani. Har yanzu yana ƙasan bene yana goge babur ɗin.