Gemun da Kuka Liƙa Mini

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke yi wa malamai rajistar jarrabawa ta intanet,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da kwamfutarka marar tarbiyya.

Ni malamar firamare ce a Gummi, shekarata ashirin ina riƙe da alli. Asabar mai zuwa zan zauna jarrabawar ƙarin girma, kuma kun ce ba mai shiga sai fuskarsa ta dace da hoton takardarsa.

Na farko, ranar Litinin na yi sammako zuwa shagon intanet, har na riga mai shagon. Ni aka fara ɗauka hoto, da sabon mayafina. Da na koma karɓar takarda washegari, sai ga sunana daidai, amma a samansa wani dattijo ne mai gemu har ƙirji, yana murmushi kamar an yi masa albishir. An ce malamin Arabiyya ne daga Bukkuyum. Maigidana ya duba, ya ce bai san da ƙaninsa yake zaune ba.

Na biyu, na bincika. Ashe shafinku kullum da safe sabuwar ƙidaya yake farawa. Hoton da ya fara shiga sai ya raɗa masa suna “hoto1”. Washegari wani ya fara shiga, shi ma “hoto1”, sai ya hau kan na jiya ya danne. Wato laifina sammako! Wata malama a Anka ma ta samu gemun nan. Mu nawa ne dattijon ya zama?

Na uku, Ranka ya daɗe, Fulanin da ke kawo wa Inna nono ba su taɓa ganin kwamfuta ba, amma ɗan fari Dikko ne, mai bi masa Sambo, sai Yero. Ba su wayi gari sun koma kan Dikko ba. Ku da digiri, duk ɗiyanku Dikko.

Buƙatata: shafinku ya riƙa duba lambar ƙarshe ya ɗora a kai, ko ya haɗa da kwanan wata. Sannan a maido mini fuskata kafin Juma’a. In ba haka ba, zan yi wa dattijon kuɗin mota ya zo ya rubuta mini jarrabawar, tunda shi kuka sani. In ya faɗi lissafi, ku kuka faɗi.

Allah Ya shirye ka, Ya koya wa na’urarka ƙirga.

Wassalam.

Malama Kulu, Gummi