Saura Dutse Ɗaya

Lahadi, 8 ga Disamba

Dutsen Deogyusan. Na casa'in da takwas. Saura biyu in cika duwatsu ɗari na ƙungiyarmu ta masu hawan dutse.

Sama fes, bishiyoyi sun yi fari fat da dusar ƙanƙara. Na riƙe ƙyallen ƙungiya a jikin dutsen da aka sassaƙa sunan ƙololuwar, Yaya Mal-sun ta ɗauke ni. Fuska ta fito, ƙyalle ya fito, sunan dutse ya fito. In ɗaya ya ɓace ba a lissafa maka, ko da duk duniya ta gan ka a can. Ni ce ma na fi kowa kafewa a kan dokar nan.

Gangarowa gwiwar dama ta ba ni wuya. Ban nuna ba.

A mota Shugaba Bang ya zo ya tsaya a kaina. Mai tsaron bayanmu ya zame a ƙofar gidansa ya karya hannu. "Kurege, ki riƙe mana baya hunturun nan mana." Ni? Shekara bakwai ina cikin ukun farko, don saurina ma aka laƙaba min sunan. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Na ga yadda kike saukowa yau, Yaya."

Gara ma da ya mare ni. Na ce to.

Talata, 10 ga Disamba

Likita ya sa ranar tiyata: 4 ga Maris. Gwiwar ƙarfe. "Bayan nan, Mama, sai dai ki riƙa gaida duwatsu daga nesa." Yaro ƙarami, ko ɗana ya girme shi.

Gyebangsan a Janairu, Sobaeksan a Fabrairu. Zan gama kafin su yanka ni. Takalman hawa kuma in bai wa wanda suka yi wa daidai.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ranata ta farko a baya, kuma a Gyeryongsan ɗinmu na nan gefen Daejeon, wanda ko ido rufe zan hau.

Aikin ba wani abu ba ne. Jagora yana gaba, duk mararraba ya ajiye takarda mai jar kibiya ya danne da dutse. Ni ina can ƙarshe ina kwashe su. Na ɗaga takarda, na ce wa duniya babu kowa namu a bayana ke nan. Kuma ba na wuce mutumin ƙarshe, ko rarrafe yake yi.

Mutumin ƙarshen kuwa rarrafen yake. Wani sabon tsoho, ya haura saba'in, da hular kunne. Shi ya zaɓa wa kansa suna Kunkuru, aƙalla bai yi ƙarya ba. Taku goma ya tsaya. Ba numfashi yake nema ba, kallo yake. Ya tsaya kallon inuwar reshe a kan dusar ƙanƙara, jama'a!

Na ce, "Baba, a haka yaushe za ka kai ɗari?"

"Ina da sha ɗaya. Ke fa?"

"Casa'in da takwas."

"Kai, sannu da ƙoƙari. Wanne ya fi kyau?"

Na buɗe baki. Abin da ya faɗo min shi ne layukan jiran hoto. Na ce duk suna da kyau. Ya miƙo min rabin lemu, ya ɓare shi ɓawon bai tsinke ba.

Da muka iso mota an riga an cinye taliya. Haushi kamar in yi kuka.

Laraba, 1 ga Janairu

Ban buɗe shago ba. Ɗana ya kira daga Ulsan, wai in haƙura da biyun nan, me za su ƙara min. Bai taɓa fahimta ba. Tun da babansa ya rasu, motar Lahadin nan ce ta fitar da ni daga gida.

Lahadi, 12 ga Janairu

Gyebangsan. Casa'in da tara. Ban ji daɗin komai ba.

Bari in rubuta yadda ya faru, ko na samu in huce.

Mun kai ƙololuwa ni da Baba Kunkuru a ƙarshe kamar kullum. Sanyi har cikin haƙora. Aka ɗauke ni, hoto ya yi daidai, kaina ya fara rawa: saura ɗaya, saura ɗaya. Na tsaya gyara ƙayar ƙarfen takalmina mai hana santsi, na ce ya yi gaba zan cim masa. Da na taso ban gan shi ba. Na ce yau tsohon ya samu ƙafa. Na iso mararrabar da ake gangarawa kwari, na ɗaga dutsen, na cusa takardar a aljihu, na sauka ina 'yar waƙata.

A mota Yaya Mal-sun ta ƙirga kawuna. Ta sake ƙirgawa. Ta dube ni.

Ni da Shugaba muka koma. Ban san yadda gwiwar ta hau ba, ban ma tuna da ita ba. Muka same shi a mararrabar, zaune kan jakarsa, girarsa ta yi fari. Ashe ratsewa ya yi bayan bishiyoyi don fitsari, na wuce shi ban sani ba. Ya cire safar hannun dama yana fama da waya, wayar ta mutu don sanyi, yatsun suka yi fari kamar kyandir.

Na hau shi da faɗa, don in ban yi faɗa ba kuka zan yi. "Me ya hana ka bin sawu?"

"Sawun ya yi hagu ya yi dama. Na ce in na zauna mai tsaron baya za ta zo."

"Ai na wuce!"

"To ba ga ki nan ba."

Na sa hannunsa a hammatata, cikin riga. Shugaba ya kau da kai.

A mota ya miƙe ya rusuna wa kowa, wai laifinsa ne. Ba nasa ba ne. Kowa a ƙungiyar nan ya san in za ka ratse sai ka bar jakarka a tsakiyar hanya don na baya ya gani. Sabon shiga bai sani ba sai an gaya masa, kuma mai tsaron baya ke gaya masa. Ban gaya masa ba. Hankalina yana kan ƙirga.

Lahadi, 19 ga Janairu

Bai zo ba. Na ƙarshen yau wata yarinya ce mai sauri. Mun iso da wuri, na samu taliya da zafinta. Ba ta yi min daɗi ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Bai zo ba. Na so in tambayi lafiyarsa, sai na ga ko sunansa na gaskiya ban sani ba. In je asibiti in ce ina neman Kunkuru?

Juma'a, 31 ga Janairu

Na karɓi lambarsa wurin Yaya Mal-sun, ita ke riƙe da sunaye. Pyo Dal-su. 'Yarsa ce ta ɗauka, ta kuwa wanke ni tas, cikin ladabi, irin wankin da ya fi zafi. "Shekara arba'in Baba yana ɗaukar hoton mutane a shagonsa da yatsun nan, yanzu ko sandunan cin abinci da ƙyar yake riƙewa." Gaskiyarta ce.

Sai ga muryarsa, ya fizge wayar. "Rabu da ita, Malama Kurege, uwarta ta biyo. Yaushe ne na ɗarin?"

"Sha shida ga Fabrairu."

"Zan zo in ɗaga sanda."

Ya ji labari ke nan. Ranar da mutum ya cika ɗari kowa yakan tsaya layi biyu a ƙololuwa, a ɗaga sandunan tafiya su haɗu a sama, ya bi ta ƙarƙashi zuwa dutsen. Na ɗaga wa mutum tara. Shekara bakwai ina hasko tawa ranar.

Na ce kada ya zo. Ya ce bai ji ba, layin ba kyau.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na naɗe kimbap, shinkafar guzuri, na mutum talatin. Gwiwa ta kumbura. Gobe.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Sobaeksan.

Shugaba ya ce yau ranata ce, in shiga gaba, ya sa wani saurayi a baya. Na ce madalla. Ga Baba Pyo da safar hannu biyu-biyu, 'yarsa ta kawo shi har bakin mota tana hararata.

Ban yi nisa ba na waiga. Saurayin yana bayan tsohon yana buga ƙafa, yana duba agogo, har ya ɗaga takardar farko tun tsohon bai gama wuce ta ba. Na ga kaina sak. Na koma na ce, "Kawo takardun nan, ɗan nan, je ka bi sa'o'inka."

Baba Pyo ya ce, "Za ki makara bikinki."

"Yi tafiyarka. In za ka ratse ka ajiye jaka."

Muka hau a hankali. Ban taɓa sanin akwai ƙorama a ƙarƙashin ƙanƙarar hanyar nan ba, in ka tsaya kana jin ta. Shi ya sa na tsaya. Ban san me ya kai bakina ba na gaya masa zancen tiyata, da abin da likita ya ce, da cewa takalman nan daga yau na Yaya Mal-sun ne.

"Daga yau shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na gama."

"Ranar Lahadi fa?"

Na ce zan yi barci. Ya ci gaba da tafiya.

Da muka fita daga bishiyoyi iskar Sobaek ta karɓe mu. Wanda ya san ta ya san ta. Muna riƙe da igiyar gefen matakala sai ga 'yan ƙungiya suna gangarowa, fuskoki jajur. Sun jira har wata ta fara rawar ɗari. Yaya Mal-sun ta rungume ni tana ihu cikin kunnena, "Mun jira, ƙanwata, mun jira!" Ta tura min ƙyallen da aka rubuta ɗari. Shugaba ya ce mu taɓa dutsen mu juyo, ba wasa.

Ƙololuwar ba kowa. Ba layi, karon farko a rayuwata.

Baba Pyo ya tsaya gaban dutsen, ya ɗaga sandunansa biyu ya haɗa su a sama, iska tana neman kayar da shi. Mutum ɗaya. Sai da na sunkuya sosai na bi ta ƙarƙashin hannunsa, gwiwa tana ƙara. Na yi kuka, hawayen suka daskare a gashin idona, na yi dariya kuma.

Wayata ta mutu. Ya ciro tasa daga cikin ƙirji, wannan karon ya koyi darasi. Ya ɗauka muka gudo.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ya tura hoton a zauren ƙungiya na waya. Fuskata ta fito, ƙyalle ya fito. Inda sunan dutsen yake, baƙin yatsan safar hannu ne ya rufe shi ruf.

Na daɗe ina kallo. Yatsun da na lalata ne suka rama.

Shugaba ya kira. "Yaya, kowa ya san kin kai, mu bar shi ya wuce." Yaya Mal-sun ma haka. Na ce a'a. Bara wa ya hana Malam Gu nasa don hula ta rufe rabin suna? Ni ce. Doka doka ce.

Casa'in da tara. Lahadi mai zuwa ƙungiya kudu za ta, ni kuma gwiwar ko matakalar kasuwa ba ta hawa. An gama.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na yi barcin. Ƙarfe biyar na farka kamar kullum. Na wanke takalman na sa a leda.

Asabar, 1 ga Maris

Baba Pyo ya zo shago da ledar lemu, wai gaisuwar asibiti tun kafin a shiga. Na ba shi kujera tsakanin robobin kimchi, tsimin kabejin da nake sayarwa. Na fara ba shi haƙuri kan yatsun, ya ce sun warke tuni, 'yarsa ce mai ƙara gishiri. Yana magana yana ɓare lemu da hannun daman. Ɓawon ya fita zare ɗaya, bai tsinke ba.

Na kalli ɓawon. Na kalli yatsun. Shekara arba'in a shagon hoto.

"Baba. Guda nawa ka ɗauka?"

"Biyu."

"Ɗayan fa?"

"Ya yi kyau ƙwarai. Har sunan dutsen ana karantawa."

Da akwai ludayi a hannuna da ya sha shi. Na ce masa tsohon banza, a gaban mutane. Ya ce ya karɓa. Ya ciro wayar ya ajiye a kan teburi tsakaninmu. "In kin ce in tura, yanzun nan zan tura wa Shugaba. Naki ne. Ni dai na ga ba a taɓa barin na ƙarshe babu mai tsaron baya ba, kuma ina da sauran tamanin da wani abu."

Wata mata ta shigo tana son kimchin radish, farin tushen nan mai kama da karas. Na tashi na auna mata, na zaɓa mata, muka yi hirar tsadar kabeji. Na daɗe. Da na dawo ya mayar da wayar aljihu, ya bar min rabin lemun.

Ban ce ya tura ba. Mantawa na yi.

Litinin, 3 ga Maris

Na haɗa jakar asibiti. Gobe da safe.

Na fitar da takalman daga leda. Ba wani abu ba, ƙafar Yaya Mal-sun ta fi tawa girma, ɓata su za ta yi.

Likitan nan ɗan yaro ya kira yana tuna min kada in ci komai bayan abincin yamma. Na ce ina da tambaya, ba don kaina ba. Mutumin da ba sauri yake ba, can baya, taku goma ya tsaya, shi ma daga nesa zai riƙa gaida duwatsun? Ya ce a irin wannan tafiyar, in an yi shekara ana motsa ƙafar yadda ya kamata, wataƙila.

Na ce zan gaya wa mai tambayar.

Saura ɗaya.