Abin da Yaron Bai Faɗa Ba

Litinin, 3 ga Maris

An yi aikin idon dama, Alhamdulillahi. Likita ya ce ba durƙuso, ba hayaƙi, ba keken ɗinki, ba karanta ƙananan rubutu. Wannan ma da manyan baƙaƙe nake yi, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Babbar 'yata, wadda muke tsokana da Malama, ta ajiye makaranta tana riƙe gidan. Ƙanwata ta ce za ta zo ta zauna, na ce a'a. Ba na son kowa ya ga ɗakina a hargitse.

Alhamis, 6 ga Maris

Bayan la'asar Malama tana karanta mini littafin labarin da za su yi jarrabawa a kai. Wani yaro ne ɗan sha biyar, ubansa ya kwanta ciwo, ya gaji rumfar gyaran keke. Marubucin bai sa shi kuka ba ko sau ɗaya. Sai dai ya ce tun yaron yana wanke baƙin mai daga farcensa, har ya daina. Wannan ya taɓa ni.

Lahadi, 16 ga Maris

Malama ta ƙona tukunya. Allah ya yi mata albarka.

Talata, 25 ga Maris

Littafin ya fara ba ni haushi. Yau yaron yana cewa a ransa: "Ina jin ƙararrawar makaranta daga nan, amma wa zan gaya wa? Baffana ya ce zai taimaka, Baba ya ƙi don kada a ga gazawarsa." Na ce wannan uban akwai taurin kai. Malama ta ce, "Ai ciwo ne, Umma, ba laifinsa ba ne." Ta juya shafi da sauri.

Laraba, 2 ga Afrilu

An ba ni tabarau. Na ga zaren da ke bakin labule, na ga ƙura a kan keken ɗinki, na ga yadda wuyan yarinyar nan ya rame. Na gode wa Allah har da hawaye, duk da likita bai ce a yi ba.

Tana wanki, na ɗauki littafin don in sake ganin uban nan mai taurin kai. Na nemo babin, na bi shi layi-layi. Rumfa tana nan, farce yana nan. Ƙararrawa babu. Baffa ma babu shi a littafin gaba ɗaya, yaron ba shi da kowa.

Na mayar da shi inda ta ajiye, da tsinken da take sa alama da shi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na ce Malama ta ci gaba da karanta mini, wai idon bai gama washewa ba. Yau yaron bai ƙara komai ba. Da ta gama na ce, "Ni kam da zan ga uban nan, da na ce ya kira baffan." Ta daɗe tana kallon shafin.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ƙanwata ta iso jiya, har ta sauya wa kwanukana wuri. Ba don komai na kira ta ba, saura idon hagu.

Malama ta fita da sassafe, rigar makarantar ta yi mata yawa. Na ce ta kawo in rage mata. Ta ce in bari, za ta cike ta.