Baba, Na Cire Kurungu Daga Tafkinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa zuwa gare ka, Baba, daga ɗanka Sabo a Azare.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarka, kuma ban taɓa jin dole sai na yi magana da kai kamar wannan makon ba. Kwana uku ke nan ina shiga aji ina koyarwa, ban san abin da nake faɗa ba.

Ka san na koma karatun digiri na biyu. Aikin da aka ba ni shi ne in gina tafki a cikin kwamfuta. Sai na zaɓi namu na bayan gari, can wajen Gadau, inda ka ƙare rayuwarka kana su. Na shigar da duk abin da ke cikinsa, da wanda ke cin wani: gansakuka, ƙwari, dodon koɗi, kifaye irin su karfasa, tarwaɗa, tsage da kurungu, har zalɓe. Daga nan sai in cire guda ɗaya, in auna yadda sauran za su ƙaru ko su ragu, da tsawon lokacin da tafkin zai ɗauka kafin ya daidaita.

Na fara da tsage, don shi ne sarkin farauta. Na ɗauka komai zai watse. Karfasa ta ɗan yi yawa, sannan ruwa ya kwanta. Na cire tarwaɗa, haka nan.

Ranar Talata da hantsi, a shagon kwamfuta na kusa da tasha, na cire kurungu. Baba, layin da ke nuna yawan dodon koɗi ya miƙe sama bai tsaya ba. Na ce kuskurena ne. Na gyara lissafi, na sake. Aka ɗauke wuta, aka ta da janareta, na sake. Sau bakwai, amsa ɗaya. Ashe kurungu ne ke cinye dodon koɗi, kuma kowane ɗalibina ya san a jikin dodon koɗi ƙwayar tsargiya, ciwon fitsarin jini, ke girma. Ni da kaina nake koya musu.

Na tuna yadda kake ciro kurungu daga komar kamun kifi a hankali, ƙayarsa tana yanka maka yatsa, ka mayar da shi ruwa. Kullum maganarka ɗaya: “Bar shi, shi ne mai sharar ruwan nan.” Ni kuwa na dawo daga sakandare da ɗaga kai, na ce camfi ne.

Ni ne na tara samarin unguwa. Ni na ce kurungu yaga koma kawai yake yi, a kwashe shi a huta. Rani uku a jere, duk lokacin da ruwa ya ja baya kuma ka tafi cin kasuwar Jama'are, sai mu tace tafkin da raga mai ƙananan ido.

Bayan nan ne dodon koɗi ya cika bakin ruwa, har yana fashewa a ƙarƙashin ƙafa. Yara suka fara fitsarin jini. Kai da kake wuni a ruwa har ƙugu, ka ɓoye naka shekara da shekaru, sai da mafitsararka ta lalace muka kawo ka asibiti nan Azare. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ko sau ɗaya.

Malamin da ke duba aikina ya ce in kwantar da hankali, kwamfuta ba shaida ba ce, abin da ka ba ta shi take juyawa. Ya ce akwai ƙarancin ruwa, akwai wasu dalilan. Na san gaskiya ya faɗa. Amma shi bai riƙe bakin ragar nan ba.

Jiya na hau mota na je gida, na faɗa wa Inna komai, ban rage ba. Na zaci za ta yi salati. Ko tsinkar gyaɗar da take yi ba ta ajiye ba. Ta ce tun ranin farko ka san mu ne, ka ga sawunmu da tarin ƙaya a bakin ruwa. Ta ce ka hana ta yi mini magana, ka ce: “Ƙyale shi, karatu yake yi. Wata rana karatun zai kai shi wurin.”

Baba, ya kai ni. Sai dai na iso ba ka nan.

Kafin in dawo na je wurin Sarkin Ruwa, na durƙusa na yi masa bayani a gaban masunta. Ya amince cewa da damina za mu ɗebo kurungu daga kogi mu zuba a tafkin, kuma ya haramta raga mai ƙananan ido. Ban sani ba ko tafkin zai karɓa.

Ka yafe mini, Babana. Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Amin.

Ɗanka mai neman gafararka,
Sabo