Igiyar Shanyar Doreen

Oregon, Amurka

Zuwa ga tsohon abokin hamayyata, Lucien,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni dai ina nan da sandata. Gidan ya yi shiru tun rasuwar matata Doreen.

Za a fito da sabuwar wayar intanet ta ƙarƙashin teku a gaɓar da ke gaban gidana. Ka tuna zamaninmu? Kamfanonin tarho da yawa ke haɗuwa su shimfiɗa waya guda. Ranar da za ta hau tudu, kowane kamfani ya turo wakilinsa a kama igiya a ja tare, sannan a sha miyar kifi ana musu. Wannan kuwa ta wani katafaren kamfanin fasaha ce shi kaɗai, ba abokin tarayya, ba walima. Ka zo mu kalla daga barandata.

Naka,
Elwood

Halifax, Kanada

Elwood, tsohon rigima,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta. Ba zan ratsa nahiya don in kalli inji yana aikin mutane ba. Kamfaninka da nawa yanzu 'yan haya ne a wayoyin yaran nan masu kamfanonin fasaha, sai farashin da aka yanka musu. Kuma kai ko a da ba ka ja, riƙewa kawai kake yi don a ɗauke ka hoto.

Ka huta lafiya,
Lucien

Oregon

Lucien,

Ina gaisuwa. Na lallaɓa har bakin shingen masu aikin wayar, na roƙi a bar ni in taɓa igiyar. Injiniyar da ke shugabantar aikin ta saurari labarina, ta yi dariya ta ce, "Baba, ai tarakta ke ja yanzu. Kawo taka igiyar mu ɗaura a jikinta. Amma al'adar taku sai da kamfani biyu, ko?"

Na kwance igiyar shanyar Doreen, na wanke. Na gaya wa injiniyar cewa wakilin ɗaya kamfanin rago ne, ba ya iya ja.

Wassalam,
Elwood

Halifax

Elwood,

Gaisuwa. Laraba zan sauka. Wajen jan igiyar, ni a gaba, kai a baya. Kada ka taɓa tukunya, ni zan dafa miyar. Ka gyara ɗakin baƙi da kyau, ban sayi tikitin komawa ba.

Lucien