Wa Ya Ce a Kashe Kiri-kirin Filin Ƙwallonmu?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Filin Wasa na garinmu, ƙasar Goronyo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali da abokan aikinka. Ranka ya daɗe, sau biyu ina zuwa ofishinka ban ishe ka ba, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani. Ni ne Malam Ummaru, wanda ya koyar da wasanni a firamare har ya aje aiki, kuma ni na dasa hakin da ke filin ƙwallon garin nan.

Na ɗaya. Ka san yadda filin yake a da: tsakuwa da turɓaya, duk wanda ya faɗi sai ya tashi da gwiwa a saɓule. Damina uku ina zuwa bakin gulbin Rima ina tono kiri-kiri da saiwarsa, in ɗoro bisa amalanke, in dasa taki-taki. Da rani mu da 'yan wasa munka riƙa ban ruwa da jarka. Bara ya rufe filin ruf, har mutanen Wurno da sunka zo wasa sunka cire takalma don su taka shi.

Na biyu. Bana tsaida ta fito cikinsa, ƙayarta na huda ƙafa da ƙwallo. Ranar Lahadi na roƙi kwamitinka a fesa maganin nan mai zaɓe, irin wanda masu shinkafa ke sawa ya kashe mai faɗin ganye ya bar shinkafa. Na ce mai zaɓe, na sake cewa mai zaɓe. Litinin na tafi Rabah ta'aziyyar ƙanina, na yi kwana tara.

Na uku. Da na dawo na biya filin tun ban isa gida ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wallahi na zaci ɓatan hanya na yi. Tsakiyar damina, ko'ina kore shar, filinmu kaɗai ya yi ja kamar an bi shi da wuta. Na duƙa na kama hakin, ya murmushe a hannuna. Na zauna nan ƙasa. Ban ji kunyar hawayen da na yi ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi ɗaure mani kai. Wanda anka ba aikin Nomau ne, mai feshi a fadamun albasa. Ya ishe ni zaune, ya gaishe ni yana fara'a, ya ce: "Baba, ai har kiri-kirin nan na gama maku da shi, ɗan banzan haki!" Jama'a, mi zan ce mashi? Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ga manomin albasa babu maƙiyi kamar kiri-kiri, ransa duka yana yaƙi da shi. Saƙon da ya iso mashi shi ne "a kashe hakin fili". Sai ya ɗauko mai cinye komi, wanda ake share gona da shi kafin dashe, ya yi aikinsa tsakani da Allah. Tsakanin bakina da kunnensa kalma guda ta faɗi, kuma a hannun kwamitinka ta faɗi. Mutum bakwai kuke. Ashe babu ko ɗaya da zai taka ya nuna mashi hakin da ake so da wanda ba a so?

Na biyar. Maganin Nomau ya ƙare kafin ya kai ragar gabas. Can akwai kore da bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, shi kaɗai ya rage na aikin shekara uku. Jiya Nomau ya shaida mani cewa an ce ya dawo ran Asabar ya ƙarasa, wai don filin ya yi bai ɗaya. Ranka ya daɗe, da gaske? A ƙarasa mi?

Ga roƙona. A tsaida feshin Asabar, yau ba gobe ba. A kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Daga yanzu kada a sake fesa komi a filin sai wanda ya san hakin yana tsaye. Ba na neman a hori kowa. A bar mani wancan ɗan koren kawai, don kiri-kiri yaɗo yake, in ya samu ruwa da haƙuri zai sake rufe filin, ko da ba ni zan gani ba. Shekarata sittin da bakwai, bayana ba ya ɗaukar tono a bakin gulbi kuma.

In takardar nan ba ta iso gare ka kan lokaci ba, to a gaya wa Nomau ya zo da wuri. Zai ishe ni zaune bisa hakin tun bayan sallar asuba, sai ya fara da ni.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke wannan amana, ya raba ka da aikin da-na-sani.

Wassalam.

Naka,
Malam Ummaru, tsohon malamin wasanni.